Jawabi a Kan Sarki Muhammadu Rumfa da Alamominsa Cikin Birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 

Wanda ya fito daga Yakasai ya nufi Ƙofar Mata, ko kuwa ya juya wajen fada, ba zai yi nisa ba sai ya tarad da aikin mutum guda. Shi ne Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, Sarkin Kano na 20, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin Tarihin Kano ya lissafa abubuwa 12 waɗanda shi ya fara ƙago su a ƙasar nan.

Cikinsu akwai kayan alfarma, watau kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan nauyi. Shi ya gina gidan sarauta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa har ta kai Ƙofar Mata, sa'an nan ya kafa Tara ta Kano, manya tara masu yi wa sarki shawara. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba bisa sarakuna, kamar adalci wajen shari'a, da tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace.

Birni bai manta da shi ba. Har wa yau fada Gidan Rumfa ake ce mata. Gidan Makama, inda aka ce ya zauna kafin a ƙare ginin fadar, ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Makarantar Midil ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1927, ta kuma horad da malaman En'e da yawa, ita ce Kwalejin Rumfa.

Amma ganuwa tana kuka. Ruwan damina ya zaizaye ta, masu ɗibar ƙasa sun sassare ta, waɗansu kuwa sun yi gini bisa kanta. Cikin 2007 aka sa ta a jerin wuraren da ake nema UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya, duk da haka ɓarnar ba ta tsaya ba. Kafin a yi gini bisa ganuwa, sai wani ya auna filin, wani ya rubuta takarda, wani ya kau da kai. Saboda haka amanar tana wuyan ma'aikaci, tun daga mai awo har zuwa malamin kotu. Kowa ya tuna, abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tsaronsa, sa hannu ɗaya ya isa ya salwantar da shi.

Allah ya ji ƙan Rumfa, ya ba masu riƙe da alƙalami ikon tsare abin da ya bari. Amin.