Ranar da baƙo ya tambaye ni tarihin Ƙaraye na yi shiru

Yau babu siyasa, babu ƙwallo. Labarin wata kunya da na sha zan ba ku.

Ina da aboki, tare muka yi sakandare, yanzu yana karatu a Italiya. Da ya zo hutu sai ya ce lallai sai ya zo garinmu Ƙaraye. Tun a mota ya cika ni da labarin birnin Rum. Wai ka tsaya gaban Kolosiyam, ginin da ya kusa shekara 2000, sai ka ga mutum riƙe da 'yar tuta, baƙi ashirin na bin sa, yana nuna musu inda ake ajiye namun daji da inda talakawa ke zama. Sana'arsa ke nan, har lasisi ake ba shi. A birnin Benis kuwa baƙi sun yi yawa har a 2024 aka fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga masu shigowa yini guda.

Na ce masa to mu ma ai muna da abin gani. Na kai shi Dam ɗin Challawa. Ya ga ruwa iya ganinsa, ya ga masunta, muka ci soyayyen kifi. Na ce an gama shi a 1992, ina wani hura hanci.

Da muka dawo cikin gari sai ya ce, "To ina tsohon garin? Ta ina ganuwa ta bi? Wa ya kafa shi?"

Wallahi jama'a sai na yi tsuru. An haife ni a nan, mahaifiyata 'yar Rogo ce, na san kowane lungu, na san inda ake sayar da tsire mai daɗi, amma tambaya uku ban amsa ko ɗaya ba. Abin da na iya kawowa shi ne an ɗaga darajar masarautar a 2019 aka sauya tsarin a 2024, wanda ko a Facebook zai gani.

Wani dattijo da ke zaune a majalisa kusa da mu ne ya cece ni. Ya ce, "Yaro, kawo baƙon naka." Na ce, "To Baba." Ya tashi da sandarsa, muna biye. Ya nuna wani tudu da na sha hawa ina yaro ya ce nan ganuwa ta bi. Ya ba mu labarin zamanin jihadi, yadda jama'ar Shehu na ƙasar Kano suka yi hijira suka taru a Kwazazzabo, nan yammacin Kano, da yadda Ƙaraye ta kasance cikin garuruwan da suka fara ci tun kafin a kori Sarki Alwali daga birni. Kusan awa guda yana magana. Abokina ya zaro kuɗi zai ba shi, Baba ya ƙi karɓa, har ya so ya ji haushi.

Washegari muka shiga Kano, kuma a nan na ga bambancin zuwa kallo da zuwa da ɗan jagora. Na sha wuce Gidan Makama, a ganina tsohon ginin ƙasa ne kawai. Amma da ma'aikacin gidan ya zagaya da mu, ya ce ginin na da alaƙa da Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, zamanin da aka kafa Kasuwar Kurmi, ya nuna mana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, sai wurin ya zame mini sabo. A marinar Ƙofar Mata, wadda allonta ke cewa tun 1498, wani marini ya bayyana yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a bar su su tsima, da yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska a sake tsomawa, shuɗin na ƙara duhu. Muka hau Dala da la'asar, muna haki, aka ba mu labarin Barbushe.

Ni dai ra'ayina, ba wuraren gani muka rasa ba, masu bayani muka rasa. Muna da matasa a Ƙaraye da Rogo da suka karanta tarihi suna zaune ba aiki, ga dattawa cike da labari babu mai tambayarsu. Ba sai Bature ya zo ba. 'Yan makaranta, 'yan bautar ƙasa, baƙin hawan Sallah, duk za su biya wanda zai zagaya da su ya yi musu bayani na gaskiya, ba ƙage ba.

Bayan abokina ya koma, na ɗauki waya na je wurin Baba don in naɗi muryarsa. Aka ce yana kwance ba lafiya, ko magana da ƙyar yake yi. Ku sa shi a addu'a. Jikansa ya ce in dawo ranar Juma'a bayan masallaci, idan jikin ya yi sauƙi.