Amsar Wasiƙa: Shin Tsoffin Littattafan Waƙoƙin Soyayya Dukiya Ne?

A wannan mako wasiƙa ɗaya kaɗai za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Ɗanbatta ta Jihar Kano, wanda ya roƙa a sakaya sunansa.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifinsu ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa, ya bar wata adaka cike da ƙananan littattafai. Wasu na ajami ne, waƙoƙin bege, wasu kuma na boko, waƙoƙi da labaran soyayya irin waɗanda marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu. Sai wani mutum ya zo ya ga adakar, ya ce zai saye ta gaba ɗaya a kan kuɗin buhun masara biyu. Shi mai wasiƙa yana so a sayar. Ƙaninsa kuwa ya ce faufau, wai ya ji labari Turawa suna sayen irin waɗannan littattafai da miliyoyi. Yanzu har an fara ɗaga murya tsakanin wa da ƙani. Shi ne yake tambaya, wai da gaske ne akwai masu irin wannan ciniki, kuma a cikinsu wa ya fi gaskiya?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Abin da ƙaninka ya ji yana da tushe, sai dai rabin maganar ya ji. Bari in ba ka ɗaya rabin.

Lallai a Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, tara littattafan waƙoƙi, musamman na soyayya, waɗanda aka buga a ƙananan maɗaba'u na ƙashin kai. Wato mutum ɗaya ne, ko shi da abokinsa, zai kafa injin ɗab'i irin na hannu a gidansa ko kusa da gida, ya buga littafin da ransa yake so, kwafi kaɗan, ba don ya cika kasuwa ba. Ka san bambancin babbar riga mai aska takwas wadda maɗinki ya zauna wata da watanni yana yi mata aiki da allura, da wadda aka zuga a keke cikin yini guda. To haka abin yake.

Wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne wani Bature mai suna William Morris. A 1891 ya kafa maɗaba'arsa mai suna Kelmscott a unguwar Hammersmith ta birnin Landan, don ya ga littattafan zamaninsa sun lalace, takarda ba ƙwari, tawada ba baƙi. Shi da kansa ya zana siffar harufan da za a zuba masa da darma. Takarda kuwa ta hannu ce da aka yi da tsumman lilin, tawada daga Jamus ya yiwo odarta. Ya rasu a 1896, aka rufe maɗaba'ar a 1898, kuma duk abin da ta buga littafi 53 ne.

A cikinsu akwai na waƙoƙin soyayya na wani mawaƙi Wilfrid Blunt, wanda ya yi yawo a ƙasashen Larabawa, ya kuma yi suna wajen kiwon dawakinsu. An buga littafin nasa a 1892, kwafi 300 kacal, kuma shi ya nemi a yi manyan harufan farkon baiti da jar tawada. Ka lissafa da kanka: kwafi 300, shekara fiye da 130, ga gobara, ga yaƙi, ga waɗanda suka shige manyan ɗakunan karatu ba za su sake fitowa kasuwa ba. Abin da ya rage a hannun jama'a ɗan kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na gaya maka yadda farashi yake yi ba idan hatsi ya yi ƙaranci a bazara.

Wata maɗaba'ar mai suna Doves labarinta ya fi ban mamaki, kuma ina so kai da ƙaninka ku saurara. Mutum biyu suka kafa ta a 1900, Cobden-Sanderson da Emery Walker. Cikin abin da suka buga har da gajerun waƙoƙin nan na Shakespeare, waɗanda yawancinsu na soyayya ne, a 1909. Daga baya suka ɓata. Aka yi sulhu cewa Cobden-Sanderson zai ci gaba da amfani da harufan har ƙarshen ransa, bayansa su koma hannun Walker. Dattijon nan bai iya jure tunanin haka ba. Daga 1916 zuwa farkon 1917 ya riƙa fita da dare yana zuwa kan gadar Hammersmith, yana zubar da harufan a kogin Thames kaɗan-kaɗan, har fiye da tan ɗaya na ƙarfe ya tafi ƙarƙashin ruwa. Sai a 2014 aka sa masu nutso suka tsamo guda 150 ko kusa da haka. Shi bai ci ba, abokinsa bai ci ba. Amma littattafan da aka riga aka buga sai suka ƙara daraja, tunda an san ba za a sake buga wani da waɗannan harufa ba.

To me masu tarawa suke dubawa? Da farko sukan buɗe shafin ƙarshe, inda mai maɗaba'a yake rubuta ranar da aka gama bugu da wurin da aka yi. Wasu maɗaba'un har sukan faɗi adadin kwafin, su sa wa kowane lambarsa da alƙalami. Sa'an nan sai lafiyar littafin. Shafi ɗaya ya ɓace, ko ruwa ya taɓa, ko an sake masa bango, to kuɗinsa ya faɗi ƙasa warwas. Akwai ma abin da zai ba ka dariya: littafin da ba a taɓa karantawa ba, wanda gefen shafukansa ke haɗe ba a tsaga ba, wasunsu sun fi son sa. Ni dai a ganina wannan ya zama tamkar mutum ya sayi doki ya ɗaure a turke, ba hawa ba sukuwa. Waƙar soyayyar da ba a karanta wa kowa ba, ina amfaninta? Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Daga nan sai asali, wato hannun wa da wa littafin ya bi, ko marubucin ya sa hannu, ko ya rubuta wa wata ko wani sadaukarwa a ciki.

Inda kuɗi yake kuwa, nan macuta suke. Wata mawaƙiya ta Ingila, Elizabeth Barrett Browning, ta rubuta wa mijinta waƙoƙin soyayya waɗanda suka fito fili a 1850. Shekaru da yawa bayan rasuwarta sai wani ɗan ƙaramin littafi ya ɓullo ɗauke da shekarar 1847, aka ce ai shi ne bugu na farko, an yi shi a asirce a garin Reading don 'yan uwa da aminai kawai. Attajirai suka yi ta rububinsa da kuɗi masu yawa. A 1934 wasu matasa biyu masu sayar da littattafai, John Carter da Graham Pollard, suka bincika takardar da harufan. Suka gano takardar da garin itace aka yi ta, ta wata hanya da ba a san ta ba a 1847, harufan ma ba a fara amfani da irinsu ba sai wajen 1880 zuwa sama. Ashe jabu ne. Sawun kuwa ya kai ga Thomas Wise, mutumin da duk Ingila ke ɗauka shi ne babban masanin tsoffin littattafai, wanda ake kai wa littafi ya tabbatar da ingancinsa. Ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan.

Yanzu mu dawo kan adakarku. Gaskiya ɗaya ce, Malam: da wuya a sami littafin miliyoyi a ciki. Littattafan soyayyar nan da suka cika Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, irin na 'yan ƙungiyar Raina Kama da sauransu, gaskiya ne marubutansu ne suka buga da kansu, amma don kasuwa aka yi su, dubbai, a takarda mai araha. Na ajami da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi da ƙofar masallatai su ma haka, an sha maimaita bugunsu. Tsufa kaɗai ba ya sa littafi tsada. A faɗa wa ƙaninka haka cikin lalama.

Amma kai ma kada ka yi gaggawa. Saboda arhar tasu ba wanda ya kula da adana su. An karanta, an ba da aro, an ƙunshe ƙosai da gyaɗa da shafukansu, gara ta ci nata, har ma a 2007 an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Saboda haka littafin da aka buga dubu biyu yana yiwuwa yau ba a sami goma cikakku ba. Ni kaina ina da tabon wannan. Lokacin da muke kwalejin horon malamai na tara irin waɗannan 'yan littattafai cike da kwali, har da wani littafin rubutu da na kwafe waƙoƙi a ciki saboda wata baiwar Allah, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana. Na ajiye kwalin a ƙasa jikin bango a ɗakin ƙauye. Damina ɗaya na dawo na tarar da ƙasa da gara. Har yau idan ta tuna sai ta yi mini gori.

Malaman jami'a suna neman waɗannan littattafai don nazari, kuma an tara da yawa har a jami'ar SOAS ta Landan. Mutumin da ya taya adaka gaba ɗaya bai zaɓa ba, ko dai mai sha'awa ne, ko kuma ya hango abu ɗaya ko biyu a ciki da ku ba ku gani ba. Abin da zan fi so ku duba shi ne ko akwai rubutun hannu, wato wanda aka yi da alƙalami da tawada, ba bugun inji ba. Idan mahaifinku ko kakanku ya kwafe waƙa da hannunsa, ko ma shi ya tsara ta, wannan kwafi ɗaya ne a duniya, ya fi na Blunt ƙaranci. Irin wannan ni ba zan ba da shawarar a sayar ba ko nawa aka taya.

Kafin ku yanke shawara, ka tuna adakar nan gado ce. Ba taka ba ce kai kaɗai, ba ta ƙaninka ba ce, akwai haƙƙin mahaifiyarku idan tana raye da na 'yan uwanku mata. Ku zauna tare, ku sami yaro mai ilmin boko da almajiri mai karanta ajami, a ɗauki littafin rubutu a jera kowane littafi: sunansa, marubuci, maɗaba'a, shekara idan akwai, da ko shafukansa sun cika. Ku ɗauki hoton bangon gaba da na baya da waya. Da wannan jeri za ku je wurin masana, ba da adakar ba. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai sashen nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, akwai kuma Arewa House a Kaduna. Kada ku sa rai za su saya da tsada. Amma za su gaya muku wanne ne ba a cika samu ba, kuma da wannan sani ne za ku yi ciniki idan mai masarar ya dawo. In ya matsa lallai sai yau, ku bar shi ya tafi.

Wajen ajiya kuwa, ku ɗaga adakar daga ƙasa, ku ɗora a kan benci nesa da bango. Kada ku ƙulle littattafai a leda, tana riƙe gumi sai su yi fumfuna. Ku naɗe su da farin ƙyalle mai tsabta, ku sa busasshen ganyen darbejiya a kusurwar adaka. Wanda ya yage kada a liƙe shi da salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan bar jan tabo ya cinye rubutu. A sa shi a ambulan yadda yake. Ƙusar da ta yi tsatsa a tsakiyar littafi a cire ta a hankali a ɗinke da zare. Da kaka, idan iska ta bushe, a fito da su a sha iska a inuwa, ba a rana ba. Masu ɗauke da ayoyi da sunan Allah a ware su daban a gafaka.

Idan kun gama jerin, Malam, ka aiko mana da kwafi, za mu karanta sunayen a wannan fili ko wani mai sauraro ya san tarihin wasu daga ciki. A gaishe da ƙanin naka da sauran iyali, Allah ya ƙara haƙuri. Sauran wasiƙun da ba mu samu karantawa ba suna nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.