Ciwon Kan da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya yi a zauren taron Ƙungiya)



A cikin cututtukan da ke damun ɗan Adam babu wanda muka raina kamar ciwon kai. In mutum ya ce kansa na ciwo, sai a ce rana ce, ko yunwa, ko karatun dare, a miƙa masa ƙwaya biyu da ruwa, a ce ya je ya kwanta. Galibi kuwa hakan ya isa, yakan tashi garau. Amma akwai wani irin ciwon kai wanda in an bar shi ya kwana, mai yiwuwa ne a wayi gari da makoki, kuma a kansa aka nemi in yi magana. Ni ba likita ba ne. Abin da ya ba ni ikon tsayawa gabanku shi ne na yi kwana 9 a gadon asibiti saboda sanƙarau, da na tashi kuma na dami likitoci da tambaya har na fahimci abin da ya same ni. Babban abin da na gane shi ne, mai irin wannan ciwo ba ya iya ceton kansa. Bayan ikon Allah, ransa yana hannun wanda ke kusa da shi a wannan sa'a.

Cikin watan Maris ne, zafi ya kankama, ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba. Da hantsi na ji jikina ya yi nauyi, zazzaɓi ya rufe ni. Kafin azahar kaina ya ɗauki wani irin sara wanda ban taɓa jin kamarsa ba, daga goshi har ƙeya, kamar an ɗaure shi da tsarkiya ana tamkewa. Hasken taga ya zama mini azaba. Na yi amai sau biyu. Da na tashi yin sallar la'asar, sai na ga ba ni iya sunkuyar da kai in dubi wurin sujada, wuyan ya ƙage kamar icce. Daga nan abin da nake tunawa gutsattsari ne. Saura duk abokin zamana ne ya ba ni labari.

Ya ce na fara sambatu, ina kiransa da sunan wani. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, a kira mai kemis ya yi mini allura. Wata dattijiya ta ce wannan sambatu aikin iska ne, a nemo malami a yi hayaƙi. Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗi tasa. Shi kuwa sai ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyata, ya gwada ɗaga kaina zuwa ƙirji, na yi ƙara. Bai ƙara sauraron kowa ba, ya ce a yi ta addu'a a cikin mota, ya tsayar da tasi. Jama'a, addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya haɗa su a hanya ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin taimakon gaggawa na babban asibiti da magariba ya san yadda yake. Ga waɗanda suka yi haɗari a kan babur, ga mai naƙuda da aka ɓata hanya da ita, ga tsoho yana numfashi da ƙyar, gadaje sun cika har wasu suna kan benci. A irin wannan wuri ba a bin layi kamar na banki. Akwai nas wadda aikinta shi ne ta tantance wanda ya fi kusa da halaka ta sa shi gaba. To, da me za ta tantance? Mai karaya ana ganin karayarsa, mai jini ana ganin jininsa. Mai ciwon kai kuwa yana kwance shiru, ya rufe ido, ba tabo ba rauni. In ɗan rakiyarsa ya ce, "Kansa ke ciwo," ya yi shiru, lalle za a ce su jira, kuma ba za a ga laifin nas ba.

Abokina bai ce haka ba. Cewa ya yi, "Sista, zazzaɓi ya kama shi da hantsi, ya yi amai sau biyu, wuyansa ba ya lanƙwasuwa, ba ya son haske, tun la'asar kuma bai san wanda ke kansa ba." Kafin ya rufe baki ta kira likita. Ina roƙonku ku lura da wannan magana tasa. Ba Turanci a cikinta, ba ilmin likita. Lokaci ya faɗa, da alamu, bi da bi. Likita ya ƙara masa tambayoyi: wane magani na sha kuma ƙarfe nawa, ko na faɗi na bugu, ko na yi farfaɗiya, ko ina da hawan jini, ko wani a gidanmu ya yi irin wannan ciwo kwanan nan. Ni da ake magana a kaina ban iya amsa ko ɗaya ba.

Sai maganar kuɗi ta taso, kamar yadda takan taso. Aka ce a je a yanki kati, a biya na gwaji, a sayo allura da ruwa. Dare ya yi, abin da ke aljihunsa bai kai ba. Ya bar katin shaidarsa, ya yi ta bugun waya. Likitan da ke aiki a daren, Allah ya saka masa, bai jira rasit ba. Ku da za ku zama ma'aikatan gwamnati, da ku da kuka riga kuka zama, ya kamata ku san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. A ganina tarar ta yi kaɗan, kuma doka a takarda ba ta sayen allura. Duk da haka ɗan rakiyar da ya san da ita yana magana da ƙarfin gwiwa, cikin ladabi, a bakin tagar mai karɓar kuɗi.

Yanzu na zo kan abin da mutanenmu suka fi tsoro, watau ɗibar ruwan baya. Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da wani tantani, a cikinsa kuma akwai ruwa garai-garai kamar na ƙorama. Sanƙarau kumburin wannan tantani ne, hanyar tabbatar da shi kuwa ita ce a ɗebi ruwan a duba. Kafin a ɗiba, likita ya haska cikin idona, ya gwada ƙarfin hannuwana da ƙafafuna, domin in akwai alamar ƙwaƙwalwa ta kumbura ƙwarai, sai an fara ɗaukar hoton kai da na'ura ko a jinkirta ɗibar. Aka kwantar da ni a gefe, aka naɗe ni gwiwa ga ƙirji, aka soka siririyar allura a ƙasan gadon baya. Wannan kam na tuna shi. Wani ɗan'uwana da ya iso a lokacin ya tayar da hankali, ya ce ya ji ana cewa wanda aka yi wa haka ba ya sake tafiya. Likita ya bayyana masa cewa a jikin babban mutum laka tana ƙarewa sama da inda ake soka allurar, saboda haka ba a taɓa ta. Ruwan kuma jiki yana yin kusan rabin lita kowace rana, abin da ake ɗiba bai fi 'yan cokula ba. Da nawa ya fito, gurɓatacce ne kamar tsarin shinkafa. Ba a jira sakamakon ɗakin gwaji ba, nan take aka fara ɗura mini maganin da ake kira ceftriaxone ta jijiya, don wannan cuta tana iya kashe mutum cikin awa 24.

Ban ga laifin masu tsoro gaba ɗaya ba, tsoron yana da tarihi. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a nan Arewa. A tsakiyar wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada wani magani, Trovan, a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, waɗanda 11 daga cikinsu suka rasu. Aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wanda ya ji wannan labari dole ya yi tambaya kafin a taɓa ɗansa. To, ya yi tambayar. Haƙƙinsa ne a gaya masa abin da za a yi da dalilinsa, da harshen da yake ji. Abin da ba shi da kyau shi ne a saɓi maras lafiya a koma da shi gida cikin dare saboda jita-jita.

Zaman ɗakin jinya ba zan tsawaita a kansa ba. Na farfaɗo a rana ta uku. Abu ɗaya zan roƙa: mu rage cincirindon dubiya. Zumunci ne, na sani, amma mai ciwon kai kowace gaisuwa kamar guduma take sauka masa. Na fita da ƙafafuna, sai dai kunnena na hagu bai koma daidai ba har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da irin wannan sanƙarau ya kama, kusan 1 yakan mutu, cikin 5 kuma 1 yakan tashi da babbar naƙasa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Saboda haka duk wanda ya warke a gwada jinsa kafin a sallame shi ko jim kaɗan bayan haka.

Kada kuma ku ɗauka sai da zazzaɓi ciwon kai ke zama na gaggawa. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani magidanci wanda nasa ya faɗo masa farat ɗaya yana alwala, ya kai maƙura cikin minti guda, kamar an buge shi da taɓarya. Jijiyar jini ce ta fashe a kansa, hoton kai ne ya nuna. Haka nan ciwon kan da ya zo da karkacewar baki, ko sanyin hannu da ƙafa na ɓari ɗaya, ko sarƙewar harshe, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa a kan babur, ko na mace mai tsohon ciki da ƙafafunta suka kumbura take ganin dishi-dishi. Duk waɗannan ba na kemis ba ne.

Mu da ke wannan yanki muna zaune ne a tsakiyar abin da ake kira zirin sanƙarau, ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi tun daga hunturu har faɗuwar damina. Ƙwayar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa, ta fi kuma samun hanya inda aka cunkushe a ɗaki ɗaya aka rufe taga. Ban san wurin da ya fi ɗakunan kwanan ɗalibai dacewa da wannan siffa ba. Rigakafin da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996, amma a 2017 nau'in C ya kashe fiye da mutum 1,000 a Nijeriya, Zamfara da Sakkwato suka fi jin jiki. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare mutum daga nau'i 5 a allura ɗaya. Ina ba Ƙungiya shawara ta tambayi asibitin jami'a a rubuce ko ɗalibai za su samu, da kuma wace mota ke kwana a shirye in an buƙace ta da tsakar dare. In kuwa aka tabbatar da cutar a wani ɗaki, waɗanda suke kwana tare da maras lafiyan su je wurin likita a ranar, ya duba ko suna bukatar maganin kariya.

Malam Shugaba, na ga ka dubi agogo. Masu tambaya su ɗaga murya, ko su tsaya ta hannun damana.