Amsoshin Takardunku: Karen Azawak Ba Ya Jin Sanda

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani falke mai fataucin awaki tsakanin Illela da Tawa. Ya ce wani amininsa Buzu ya ba shi ɗan kwikwiyo a kasuwar Abalak, yau wata 3 ke nan. Kare yana ci, amma haƙarƙari a waje, ƙafafu kamar sillen kara. In an kira shi sai ya ga dama ya zo, baƙo kuwa ko nama ya miƙa masa ba ya karɓa. Wasu maƙwabta sun ce a ba shi kashi ya hankalta, wasu sun ce ciwo gare shi, a kai daji a yar. Shi ne yake tambaya, yaya zai yi?

To Malam, kada ka yar, kada kuma ka doka. Yadda ka kwatanta shi ɗin nan, karen Azawak aka ba ka, kuma ba ƙaramar kyauta ba ce. Sunan ya samo asali daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, inda jajayen shanun nan masu nono suka samo nasu sunan. Buzaye na ce masa idi, ko oska. Tun kaka da kakanni yake bin su da Fulani zango zango, yana tsaron dabbobi daga kura da dila, yana kamo zomo da barewa. Turawa ba su kai shi ƙasashensu ba sai wajen 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuwa sai 2019 ta karɓe shi sosai cikin rajistarta.

Batun rama, hankalinka ya kwanta, halittarsa ce. Namiji in ya ƙosa tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 64 zuwa 74, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kacal. Ganin haƙarƙari ba ciwo ba ne, muddin yana ci, yana guje-guje, ba zawo. In ka ga ciki ya kumbura gashi ya yi furu-furu, to wannan tsutsa ce, a nemi magani wurin malamin dabbobi. Tuwon gero ko dawo da nono, abin da ya saba ke nan, a riƙa haɗa masa da ɗan nama ko kayan ciki. Ƙashin kaza dafaffe dai a kiyaye, yana tsagewa ya soke shi.

Sai maganar taurin kai, wadda ita ce ainihin damuwarka. Ka tuna karen da ke kwana bakin zango cikin dare ba ya jiran a ce masa ga kura can. Shi ke yanke shawara da kansa, an kuma daɗe ana zaɓen masu irin wannan hali. Saboda haka yana da mutanensa, sauran jama'a kuwa kallo ne nasu. Kare ne mai zuciya, ga riƙo. Ka doke shi sau ɗaya, zai daɗe bai manta ba: ko ya riƙa gudunka, ko tsoro ya sa ya fara cizo. Masu ce maka a ba shi kashi, karen kasuwa suka sani.

Abin yi shi ne ka riƙa ba shi abinci da hannunka. Ka kira sunansa, in ya zo ka ba shi ɗan abu, ko da sau biyar ne a yini. Kada ka kira shi don ka hukunta shi, gobe ba zai zo ba. Da ma tun yana wata 2 zuwa 3 sabo ya fi kama shi, amma ba a makara ba. A riƙa zagayawa da shi a igiya cikin awaki da kaji, ya san na gida ne, don duk abin da ya ruga a guje jininsa na ce masa ya bi. Yara su bar shi in yana ci ko yana barci, baƙi kuma kada su matsa masa. Tunda kai matafiyi ne, ka sa mutum ɗaya a gida ya saba da shi. Ɗaure shi a turke wuni guda kuwa ɓata shi ne, sai ya sami fili ya yi gudu kullum. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu a lungu, ba ya jure sanyi ko ruwan sama.

Malamai sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi ko gona, sai dai a ware masa kwanonsa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: allurar haukan kare. Daga wata 3 ake yin ta, naka ya riga ya wuce, ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan, a kuma riƙa maimaitawa duk shekara. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Muna gaida amininka na Abalak. Ka sake rubuto mana bayan damina mu ji yadda kuka ƙare da awakin.