Kada Kirsimeti Ta Bar Mu Da Bashi

(Jawabin da aka gabatar wa wakilan ikilisiyoyi a taron ƙarshen shekara)

 Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara da rai da lafiya, ya kuma ba mu abin da muka girbe a gonakinmu.

Kan maganarmu a yau shi ne wadar zuci, musamman a wannan wata da muke shirin Kirsimeti. Nassinmu yana cikin Filibiyawa 4:10-13. Hausawa sukan ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Mukan yi dariya in mun ji, kamar da wasu ake. Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, kowane watan Janairu wannan karin magana a ƙofar gidajenmu yake kwana.

Abin da ke faruwa a gidajenmu

Yawancinmu manoma ne. Daga Oktoba zuwa Disamba muke shigo da masara, dawa da wake gida. A yawancin shekaru, wannan ne lokacin da hatsi ya fi araha, domin kowa ya kawo kasuwa. A wannan lokaci ne kuma muke buɗe rumbu, mu kwashi buhuna, don a sayi atamfa, shadda, takalma, shinkafa da akuya. 'Yan kasuwa su saya su ajiye. Da Yuli da Agusta suka zo, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sai mu koma wurinsu mu sayi hatsin da muka noma da hannunmu da tsada. Wani kuma ya ci bashin buhu, ya biya fiye da abin da ya karɓa da kaka. Kafin a kai nan ma, tun a Janairu an koro yaro daga makaranta saboda kuɗin zango na biyu.

'Yan'uwanmu ma'aikata da ke birni su ma ba su tsira ba. Albashin Disamba yakan ƙare kafin ranar 26, har da kuɗin adashi, domin dole a zo gida da tsaraba a nuna an samu.

Me ya sa muke yin haka? Ba mugunta ba ce. Mu 'yan kaɗan ne a wuraren da muke zaune. A wani gari gida uku ne kawai na masu bi. Shekara guda ana kallonmu a raine, sai zuciya ta ce mana, ga rana ɗaya da za mu fito a san da mu. Mun san wannan ciwo, domin mu ma muna jinsa. Amma 'yan'uwa, mutuncin da aka saya da bashi ba ya kai ƙarshen Janairu. Maƙwabcin da ya ga sabuwar shaddarmu ranar Kirsimeti, shi ne zai ga mai bashi tsaye a ƙofarmu.

Laifin har da mu shugabanni

Ba za mu ɗora wa 'yan ikilisiya dukan laifin ba. Mu fastoci da dattawa muna da namu rabo. A wata guda mukan jera baikon godiya na kaka, baikon Kirsimeti, gudummawar gini da kyautar fasto, wani lokaci har a karanta sunaye da adadin abin da kowa ya bayar. Zumuntar mata ta fitar da anko, mawaƙa su fitar da nasu, matasa su ma haka. Mun san gwauraye mata da suka ƙi zuwa sujada ranar Kirsimeti don ba su iya sayen anko ba. Idan tufafi ya hana matalauciya shiga majami'a a ranar haihuwar Mai Ceto, to mu ne muka rufe mata ƙofa, kuma za mu ba da lissafi.

Mu tuna da halin da ƙasa ta shiga. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da farashin abinci sun tashi ƙwarai. Ranar 21 ga Disamba 2024, mutum 10 suka mutu a turmutsutsu wajen rabon abinci a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja. A rana guda kuma mutum 22 suka rasu a irin wannan rabo a Okija, jihar Anambra. Kwana huɗu kafin Kirsimeti, mutane sun rasa rayukansu wajen neman shinkafa. A ƙasar da haka ta faru, bai dace ikilisiya ta zama filin gasar ado ba.

Abin da Maganar Allah take koya mana

Da farko, mu dubi gidan da aka haifi Yesu. Luka 2:24 ya nuna cewa sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa hadaya. Littafin Firistoci 12:8 ya bayyana dalili: wannan sassauci ne da Shari'a ta yi wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Ba su ci bashi don su yi daidai da masu arziki ba. Abin da suke da shi suka kawo, Allah kuwa ya karɓa.

Na biyu, Sabon Alkawari bai ɗora mana wani farilla a kan wannan biki ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin 25 ga Disamba daga Roma ya fito, a shekara ta 336. Biki ne mai kyau, muna kuma yinsa da murna, amma ba wanda ya yi zunubi don ya sa tsohuwar riga wankakkiya.

Na uku, mu dubi Manzo Bulus. Daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, yana gode musu saboda taimakon da suka aika masa ta hannun Abafaroditas. Ya shaida musu cewa ya san ƙoshi, ya san yunwa, kuma wadar zuci koyonta ya yi. Ashe ba a haifar mutum da ita, koyonta ake yi. Masanan Helenawa na zamaninsa sun koyar cewa mutum ya ishi kansa. Bulus bai ce haka ba. A aya ta 13 ya nuna cewa ƙarfinsa daga Almasihu yake. Mukan rubuta wannan aya a jikin mota da shago kamar alkawarin samun dukiya, alhali mai rubutun yana maganar ikon jimre rashi ne da ikon riƙe samu ba tare da zuciya ta lalace ba.

Wadar zuci ba lalaci ba ce, ba kuma rowa ba ce. Za mu yi noma, mu yi kasuwanci, mu kai 'ya'yanmu makaranta. Amma wanda ya san darajarsa tana wurin Almasihu ba ya bukatar kasuwa ta shaida masa shi wane ne. Karin Magana 22:7 kuwa ya gargaɗe mu cewa bashi yana mai da mutum bawan wanda yake binsa.

Shawarwari ga ikilisiyoyinmu

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mu fara tun yanzu.

1. Maigida da uwargida su zauna tare su ƙirga abin da ke rumbu. A ware abincin da zai kai iyali sabuwar kaka, da iri, da kuɗin makaranta, da na taki. Abin da ya ragu shi ne na biki.

2. Kada kowa ya ci bashi saboda Kirsimeti, ko na tufafi ko na nama.

3. Ƙungiyoyi su dakatar da sabon anko. Na bara ya isa.

4. Majalisar dattawa ta rage yawan baiko a Disamba, a kuma daina kiran sunaye da adadi.

5. Gidaje su haɗa kuɗi su yanka dabba ɗaya a yi watanda. A kai wa gwauraye da marayu rabonsu har gida a asirce, ba tare da tara su a layi ba.

6. Kada mu bar al'adar aika wa maƙwabtanmu Musulmi abinci, kamar yadda su ma suke aiko mana da Sallah. Kwano ɗaya da aka bayar da ƙauna shaida ce babba.

Iyaye, 'ya'yanmu za su yi ƙorafi, wannan babu shakka. Mu zauna da su, mu nuna musu lissafin, mu karanta musu Luka sura 2. Yaron da ya koyi cewa murna ba a kanti ake sayenta ba ya sami gado mai kyau.

Bari Ubangiji, wanda ya zama matalauci dominmu, ya koya mana wadar zuci, ya kiyaye rumbunanmu, ya ba mu salama da maƙwabtanmu. Muna yi muku barka da Kirsimeti da sabuwar shekara. Amin.