Idan Na'urar Bin Sawu Ta Ɓatar da Sawu



Ruwan da ke wucewa ta gaban Yelwa da Ngaski shi ke juya injinan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760. Duk ranar da babban layin wutar ƙasa ya durƙushe, kamar yadda ya yi ta yi a 2024, tambaya ɗaya injiniyoyi ke fara yi tun daga tasha har cibiyar kula da wuta ta Osogbo: me ya fara faɗuwa? Inji ne ya tsaya ya ja layi, ko layi ne ya katse ya ja inji? Amsar tana wajen na'urorin bin sawu, masu rubuta kowane motsi da lokacinsa. Sai dai su ma suna ɓatar da labari, kuma sun fi ɓatarwa a lokacin da aka fi bukatarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Misali, a kwamfuta mai aiki da Linux, kayan bin sawu irin su ftrace da perf da LTTng suna zuba abin da suka gani a wata 'yar ma'ajiya, wani sashe kuma yana kwashewa. Muddin al'amura na tafiya a hankali, lafiya lau. Da zarar matsala ta taso, abubuwa dubbai suka auku a daƙiƙa guda, sai ma'ajiyar ta cika kafin a kwashe. Duk wanda ya ga malamin da ke rubuta buhunan albasa a bakin kogi ranar kasuwa, jirage sun iso a tare, ya san yadda lissafi ke zubewa. A nan dole na'ura ta zaɓi ɗaya: ta watsar da sabon labari, ko ta shafe tsoho ta rubuta a kansa. LTTng ma ta bar wa mai aiki wannan zaɓi.

Saboda haka ƙwararre ba ya gaskata rajistar na'ura sai ya duba adadin abin da ta ce ta yar. perf na yin gargaɗi idan ya yi asara, ftrace na ƙirga abin da aka shafe. Yawanci maganin shi ne a faɗaɗa ma'ajiyar, ko a rage abin da ake bi. Mai son ya kama komai shi ke fara rasa mai muhimmanci.

Ciwo na biyu ya fi wuyar ganewa, domin babu abin da ya ɓace, jerin ne ya birkice. Wutar Najeriya na zagaye 50 a daƙiƙa. Idan agogon wata tasha ya saɓa da na wata da daƙiƙa ɗaya tak, an yi zagaye 50 a tsakani, sai abin da ya biyo baya ya fito a takarda kamar shi ne sanadi. Amurka ta sha wannan. Ranar 14 ga Agusta 2003, wata kafa a manhajar ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy a Ohio ta kashe ƙararrawar gargaɗi, ma'aikata suka haura sa'a guda ba su sani ba, layuka na ta katsewa. Kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Masu bincike sun sha wahalar jera abubuwan da suka faru saboda agogunan na'urori da yawa ba su daidaita ba, har rahotonsu na 2004 ya nemi a riƙa amfani da na'urori masu agogo ɗaya. Yau da GPS ake wannan aiki.

Mutanen Yauri suna da kaso a wannan magana ko da babu kwamfuta a gida. Kogin Kwara na cikowa sau biyu a shekara: ta damina, da wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini ta iso da hunturu. Ana auna tsayinsa a Yamai da Jidere Bode kafin ya shiga tafkin Kainji, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake shawarar buɗe ƙofofin madatsa. Ranar da ruwa ya fi ƙarfi ita ce ranar da ma'auni ya fi shiga haɗari, hanyar zuwa karanta shi ma ta fi wuya. Idan aka cike giɓin wannan rana da ƙiyasi ba tare da alama ba, an yaudari wanda zai karanta, an kuma jefa manomin fadama a Shanga cikin haɗari.

Ɗaliban da za su riƙe waɗannan na'urori gobe, ku rubuta giɓi a matsayin giɓi, ku daidaita agogo kafin bincike, ku gwada na'urarku da kaya mai nauyi tun ana zaman lafiya.