Ɗan Daudu a Fim ɗin Hausa: Daga Dariya Zuwa Shiru



Maganar da aka ɗora mini yau tana da nauyi a garin nan, don haka zan fara da abin da kowa ya sani. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. Ni ba alƙali ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Aikin mai ba da labari na zo mu duba.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗinmu ya san ɗan daudu, amma fuska ɗaya ya sani: karairaya, tafa hannu, habaici a gindin tukunyar tuwo. Marigayi Rabilu Musa ya sa gari dariya da Ibro Ɗan Daudu, kuma ba na raina gwanintarsa. Sai dai wa ya taɓa nuna mana ɗan daudu ya koma ɗakinsa da dare, ya rufe ƙofa? Wa ya nuna mana mahaifiyarsa? Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, amma mun haɗa su duka mun mai da su abin nishaɗi. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta hana nuna daudu da daba a fim. Dariyar ta tsaya. Mutanen suna nan.

A wasu ƙasashen an gwada wata hanya. A Gini, Mohamed Camara ya yi Dakan a 1997, labarin samari biyu, Manga da Sory. Abin da ya fi tsaya mini a rai a fim ɗin ba soyayyar samarin ba ce, uwar Manga ce, wadda ta kai ɗanta wurin mai magani saboda tana ƙaunarsa, tana kuma tsoron bakin duniya. Camara bai mai da ita muguwa ba, bai mai da ɗan shaiɗan ba. Haka Tope Oshin ta yi a nan Najeriya a 2018 cikin We Don't Live Here Anymore: 'yan makaranta biyu asirinsu ya tonu, uwaye biyu kowace ta ɗauki tata hanyar, mai kallo ya ga abin da kowace hanya ta haifar. Ko Moonlight na Amurka, da ya ci kyautar Oscar a 2017, wurin da ya fi sosa zuciya shi ne inda uwa mai fama da ƙwaya ta nemi gafarar ɗanta. Rafiki na Kenya kuwa an haramta shi a 2018, kotu ta ba shi kwana 7 kacal a sinima.

Ku lura, duk inda aka sami sauƙin zuciya a waɗannan labarai, ta hanyar magana aka same shi. Wani ya faɗi abin da ya daɗe yana cin ransa, wani ya saurara bai ɗaga hannu ba. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu. Ku tambayi likitocin ƙwaƙwalwa abin da ɓoye damuwa da korar yaro daga gida ke jawowa. Ciwon da aka rufe da tsumma ba ya warkewa, ruɓewa yake yi.

Na san marubucin fim ɗinmu na Zoo Road ba zai iya yin Dakan ba, kuma ban ce ya yi ba. Amma ba dokar da ta hana shi rubuta uwar da maƙwabta suka daina gaisarwa saboda ɗanta, ko uban da ya yi baki ya dawo yana nadama, ko matashin da jita-jita kawai ta sa taron jama'a suka yi masa duka. Waɗannan gidajenmu ne, a Darmanawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni.

'Yan'uwana marubuta, ku rubuta mana wannan uwar, ku bar ta ta yi magana.